Kamu Daban, Hujja Daban

A watan Oktoba na shekarar 2024 gwamnatin Nijar ta hana fitar da hatsi, dawa, masara, wake da shinkafa zuwa ƙasashen waje, in banda Mali da Burkina Faso. Manufar ita ce kada cimakar talaka ta ƙare a kasuwar wata ƙasa. Irin wannan doka tana da nauyi ƙwarai a Madarunfa, inda hanyar Maradi ke ratsa Ɗan Isa ta faɗa Jibiya, cikin jihar Katsina.

Amma kamu daban, hujja daban. Ba kowane amalanke da aka tare kusa da iyaka ne na ɗan fasa-ƙwauri ba. Akwai manomi mai kai buhunsa kasuwar ƙauye, akwai kuma mai sulalewa da lodi cikin dare.

Wanda aka yanke wa hukunci yana da kwana 10 ya ɗaukaka ƙara. Alƙalan babbar kotu ba su ga kamun da idonsu ba, takardu ne a gabansu. Za su duba abu uku: shin kayan suna cikin waɗanda aka hana, ko waɗanda ke bukatar izini? A ina aka kama su, kuma ina suka dosa? An nemi takardar izini, mai kaya ya kasa nunawa?

Doka ta ba takardar kamu ƙarfi mai yawa. Idan ma'aikatan duwan biyu suka rubuta abin da suka gani, suka sa hannu bisa ƙa'ida, ba a ture ta sai an bi hanyar tabbatar da cewa ta jabu ce. Saboda haka wajibi ne ma'aikaci ya rubuta rana, wuri, irin kaya da yawan buhuna, ba ragi ba ƙari. Zato ba ya zama shaida.

Mai kaya kuma ya adana rasit da takardar izininsa, kada ya dangwala yatsa a kan abin da bai karanta ba, ko ba a karanta masa ba.

Idan takarda ta yi rauni, asara biyu ce: mai laifi ya kuɓuta, ko a ɗaure marar laifi. Tsare rumbun ƙasa aikin duwan ne da jandarma, amma a gaban alƙali ake sanin ko aikin ya yi kyau.