Taron da darakta kaɗai zai yi magana, me ya sa za a kai shi Doso?

Da shekara ta doshi ƙarshe, ma'aikatu da ƙungiyoyi da dama na Yamai kan kwashi ma'aikatansu zuwa Doso, tafiyar kilomita kusan 140, domin a keɓe a tsara aikin baɗi.

Sai dai a zauren, darakta ne ke fara faɗin ra'ayinsa tun da safe. Daga nan wane ƙaramin ma'aikaci ne zai ɗaga hannu ya saɓa masa? Sai a yi ta gyaɗa kai har lokacin abinci, alhali mai karɓar jama'a a ƙofa da direban da ke zagaya ƙauyuka su ne suka san inda aiki ke cijewa. Wasu ma takardar kuɗin zama kawai suka zo sa wa hannu.

Gyaran ba ya cin ko dala. Kowa ya rubuta shawararsa ba tare da suna ba, a karanta duka, shugaba ya yi magana daga ƙarshe. Duk shawarar da aka ɗauka a ɗora ta a kan mutum ɗaya, a sa masa ranar kawo bayani. Ma'aikatar da ba ta shirya wa haka ba, gara ta zauna Yamai, kuɗin mai da na otel su tafi ga biyan bashin wutar ofis.