Jijiyar Dabba Ba Ta Warkewa Da Gaggawa

Duk wanda ya san hanyar Madekali zuwa kasuwar Malanbil ya san cewa jaki da sa da doki su ne ƙashin bayan ƙaramin ɗan kasuwa. Su ke jan amalanken shinkafa da albasa. Tun da aka rufe gadar Gaya bayan juyin mulkin Nijar na 2023, kaya suka koma bakin kogi, wahalar dabbobin nan ta ƙaru. Ga shi jaki ya yi tsada, har Tarayyar Afirka ta haramta yanka shi domin fatarsa a 2024. Saboda haka ranar da agarar dabba ta kumbura ta fara ɗingishi, jarin gida ne ya gurgunce.

Jijiya ba ta samun jini sosai kamar tsoka, shi ya sa warkewarta ke ɗaukar watanni, wani lokaci har shekara. Masana sun daɗe suna gwada wasu sinadarai da jiki ke yi da kansa don gyaran rauni, a kan ɓeraye da zomaye da dawaki. A 2002, masu bincike a Jami'ar Kwanel ta Amurka sun yi wa dawaki allurar sinadarin IGF-1 a jijiyar ƙafa, kumburi ya ragu. A 2010, a Jami'ar Utrek ta ƙasar Holan, an tace jinin doki aka mayar masa da ɓangaren da ke ɗauke da sinadaran, jijiyar ta fi ƙarfi bayan mako 24.

To amma a nan gizo ke saƙa. Da aka gwada wannan tataccen jini a kan mutane 230 da agararsu ta tsinke a Birtaniya, sakamakon da ya fito a 2019 ya nuna bai ƙara musu komai ba. Hatta dawakin da suka amfana, sai da aka haɗa musu da hutu da kulawar likita.

A ra'ayin wannan jarida, darasin a fili yake. Idan manyan jami'o'i ba su gama da maganar ba, mai tallar magani a bakin tasha ba zai sayar maka da allurar ɗinke jijiya cikin kwana uku ba. Abin da yake bayarwa yakan dusashe zafi ne kawai, dabba ta koma aiki, jijiyar ta ƙarasa tsinkewa. Lalas da ƙarfe mai zafi kuwa, ƙari ne a kan ciwo.

Muna kira ga masu amalanke su sauke wa dabba kaya da zarar ta fara ɗingishi, su riƙa zuba wa wurin ruwan sanyi, su nemi likitan dabbobi. Shugabannin kasuwa su tsawata wa masu lodin da ya wuce ƙima, hukumomin Alibori kuma su kawo malaman dabbobi kusa da kasuwanni. Asarar dakon wata biyu ta fi sauƙi a kan sayen sabon jaki.