Sana'ar Fulawa: Kura Da Shan Bugu, Gardi Da Karɓar Kuɗi

Duk wanda ya bi ta Ikoyi ko Victoria Island a Ikko da sassafe, ko Bodija a Badun, ko unguwar Turawa ta Fatakwal, zai ga samari riƙe da butar ban ruwa da almakashi, suna kula da fulawar gidajen manya da ta lambunan bakin titi inda ake sayar da dashe. In ya tsaya ya yi musu sallama, sau da yawa da Hausa za su amsa, wasu ma da Barbarci. Haka nan ranar Asabar in ana shirin babban biki, akan sami 'yan Arewa cikin masu sauke kujeru da rumfuna da bokitan fulawa daga mota, su ne kuma ke kwashe su bayan taro ya watse.

Amma in an zo biyan kuɗin ƙawata zauren biki, ba a hannunsu ake danƙawa ba. Wanda ya iya haɗa furen, ya san launin da ke tafiya da wani, ya kuma iya lissafin abin da aikin zai ci, shi ne mai kwangila. Su kuwa ladan lebura ne rabonsu, watau kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Abin da ya raba gadina da mai kwangila ilmi ne na 'yan watanni, kuma lokaci ya yi da za a koyar da shi a gida, musamman a Maiduguri.

Dalilin ambaton Maiduguri a fili yake. Tun daga 2009 da rikicin Boko Haram ya ɓarke, samarin Barno masu yawa suka bar gonakinsu suka gangaro Kurmi neman abin sawa a baka. Wasu suka kama gadi, wasu turin baro, wasu acaɓa. Da Gwamnatin Jihar Legas ta hana acaɓa a wasu ƙananan hukumominta a 2022, da yawa daga cikinsu suka wayi gari ba su da abin yi. Wanda kuma ya ce zai koma gida, tambayar da ke jiransa a tasha ita ce, da wace sana'a ya dawo?

Alhali kuwa in ana maganar ado da gyaran amarya, ba a kai wa mutanen Barno. Daga can ne turaren wuta da humra suka yi suna har suka cika kasuwannin Kano da Agege. Zanen lalle da matan Barebari da na Shuwa ke yi wa amarya, yawancinsa siffar fure da ganye ne, kuma yarinya takan ƙware a kansa ba tare da ta taɓa shiga ajin zane ba. Hular Bama da ake tinƙaho da ita a ko'ina cikin ƙasar nan aikin mutanen da suka san haɗin launi ne. Bikin Barebari kuwa kwanaki ake yi ana shagali, daga ranar lalle zuwa daren wushe-wushe, yanzu kuma ga walima da dina a manyan zaure. Ashe ke nan ido ya riga ya buɗe, hannu ya saba, kasuwa ma tana nan.

To, da me ake ƙawata waɗannan wurare? Galibi da fulawar roba da ake shigowa da ita daga ƙasashen waje. Mai hali kuma in yana son ɗanyen fure, sai ya aika Jos ko Abuja, wani lokaci har da ma'aikatan da za su jera shi. Ta kowace hanya aka bi, kuɗin barin garin yake yi.

Ba a ce fulawar roba haramun ba ce. Tana da arha, ana wanke ta a sake amfani da ita, kuma mai ƙaramin ƙarfi ita ce daidai aljihunsa. Dalilin da ya sa ta mamaye kasuwa ma sananne ne. A watan Afrilu da Mayu zafin Maiduguri yakan wuce digiri 40, damina kuwa daga Yuni zuwa Satumba ta ƙare. Furen wardi, wanda Turawa ke kira ros, sanyi yake so, shi ya sa ake noma shi a kan tudun Jos, kuma daga Jos zuwa Maiduguri tafiyar kusan kilomita 600 ce. Wutar lantarkin da za a sanyaya shi da ita ma ba abar dogaro ba ce. Mutanen garin ba su manta da duhun da suka shiga daga Janairun 2021 ba, lokacin da 'yan ta'adda suka karya turakun layin da ya taso daga Damaturu, daga baya kuma aka buɗe tashar wuta mai aiki da gas a garin a 2023.

Saboda haka wanda duk ya ce zai ɗauko darasin fulawa na Ingila ya juye shi a Maiduguri yadda yake, ya shirya wa asara. Ƙasar Kenya ta yi arziki da fure domin gonakinta na bakin tafkin Naivasha suna kan tudu mai sanyi, ga jiragen sama da ke kwasar kayan daga Nairobi zuwa babbar kasuwar gwanjon fure ta Aalsmeer a ƙasar Holan. Barno ba ta da wannan yanayi, kuma babu amfanin yin gasa da mutum a abin da Allah Ya ba shi. Darasin da ya dace da Maiduguri yana kan titunanta. Itacen dogon yaro baƙo ne daga ƙasar Indiya, an dasa shi zamanin Turawa, amma da yake ya dace da ƙasar, yau shi ne inuwar garin. Haka ya kamata a yi da fure, a fara da abin da ke jure rana.

Irin waɗannan tsirrai ba su da wuyar samu. Ga kariya, wadda ke fid da jan fure da rani lokacin da sauran itatuwa suka kaɗe, tana kuma rayuwa cikin tukunya da ruwa kaɗan. Ga bugenbiliya, fulawar nan mai kama da takarda da ke hawa katangun gidajen gwamnati, wadda zafi ba ya damunta. Furen lalle kansa yana da ƙamshi. Jan zoɓo, da busasshiyar zangarniyar gero da ta dawa, da ganyen dabino da kaba, duk kayan ado ne a hannun wanda ya iya, kuma masu wannan sana'a a Turai kuɗi suke sawa su sayi busassun ciyayi irin waɗannan. Daɗin daɗawa, shukar da ke cikin tukunya ba ta mutuwa bayan biki. Ana iya ba da hayarta yau, a dawo da ita lambu gobe, a sake ba da ita mako mai zuwa, kamar dai yadda ake hayar kujeru.

Mai karatu zai iya cewa, me ke cikin jera fure har da za a buɗe masa aji? Akwai abubuwa da yawa. Fure da sanyin safiya ake yankansa, a datse kara a karkace da wuƙa mai kaifi, a cire ganyen da zai nutse cikin ruwa domin kada ya ruɓe ya toshe karan. Bokiti tilas ya zama mai tsabta, akan kuma sa ɗan sukari da ɗigon maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwan. Ba a ajiye fure kusa da ayaba ko tumatir da ke nuna, domin suna fid da wata iska da ke sa shi yaushi da wuri. Wardi na son sanyin firiji, amma furen ƙasashen zafi sanyi mai yawa baƙanta shi yake yi. Ruwan jikin kariya guba ne, dole mai aiki ya san haka kafin ya kai hannu ido ko baki. Inda babu lantarki kuma, akwai dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda marigayi Malam Mohammed Bah Abba, malamin makaranta a Jigawa, ya yaɗa har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. A busasshen zafi irin na Barno ne wannan dabara ta fi aiki.

Sai kuma babban darasi, watau lissafi. Mai ƙawata zaure tilas ya iya auna wuri, ya san yawan furen da kowane tebur zai ci, ya sa kuɗin mota da na yaran aiki da na abin da zai lalace a hanya, ya karɓi kafin alƙalami, ya rubuta yarjejeniya. A nan ne masu hannu da yawa ke karyewa. Sukan yi aiki mai kyau, a yaba musu, amma in sun koma gida su tarar uwar kuɗi ma ba ta dawo ba.

Wuraren da za a koyar da wannan duk suna nan. Maiduguri na da Jami'a tun 1975, tana da Kwalejin Fasaha ta Ramat, da Kwalejin Aikin Gona ta Mohamet Lawan, da cibiyar koyar da sana'o'i ta Muna. A Dadin Kowa ta Jihar Gombe akwai Kwalejin Tarayya ta koyar da aikin lambu tun 2002. A Badun kuma akwai Cibiyar Binciken Aikin Lambu ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1975, kuma tsirran ado na cikin aikin da aka ɗora mata. Abin da ake bukata shi ne a haɗa waɗannan wurare da masu sana'ar da ke cikin gari.

Na farko, ya kamata Gwamnatin Jihar Barno ta buɗe gajeren kwas na wata shida zuwa tara a kan renon fure da ƙawata wurin taro, rabinsa a lambu, rabinsa a hannun masu yin aikin a ranakun biki. Kada a gindaya sharaɗin takardar sakandare, a kuma koyar cikin Hausa da Barbarci, domin waɗanda suka fi bukatarsa su ne waɗanda rikici ya katse wa karatu, da zawarawan da aka bar wa marayu. Gwamna Babagana Zulum ya taɓa shugabantar Kwalejin Ramat, kuma fanninsa na ilmi ƙasa da ruwa ne, saboda haka ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Na biyu, Hukumar Samar Da Aikin Yi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1986, da Asusun Horar Da Ma'aikata da ke Jos, wanda aka kafa a 1971, su tsaya a kan ba da takardar shaida ga masu wannan sana'a. Mutumin da ya yi shekara goma yana gadina a Ikoyi ya san fure fiye da ɗalibai da yawa. A gwada shi da aikin hannu, in ya ci a ba shi satifiket da zai nuna wa otal ko banki.

Na uku, a tuna da masu renon dashe wajen rabon filin noman rani. Madatsar ruwa ta Alau ta fashe a watan Satumban 2024, ambaliya ta ci babban ɓangare na Maiduguri, Gwamnatin Tarayya kuma ta ƙaddamar da aikin sake gina ta a 2025. In ruwa ya daidaita, ɗan ƙaramin fili kusa da masu latas da tumatir ya ishi ƙungiyar mata ko ta samari ta kafa lambun fure. Hukumar Raya Arewa Maso Gabas, wadda hedkwatarta ke garin, tana iya taimakawa da rijiya mai aiki da hasken rana da rumfar inuwa.

Akwai masu cewa garin da ya sha yaƙi da ambaliya, ga gobarar Kasuwar Monday ta 2023, abinci yake nema, ba fulawa ba, kuma ƙawata zaure almubazzaranci ne. Maganarsu abin dubawa ce. Haƙiƙa wanda ya ci bashi don ya burge mutane ranar biki ya cuci kansa, kuma malamai sun yi gaskiya da suke tsawatawa. Amma ko an so ko an ƙi ana yin bukukuwan nan, ana kuma kashe kuɗin. Tun da za a kashe, gara ya faɗa hannun yarinyar Gwange ko saurayin Bulunkutu, su sayi masara da shi, da a ce ya tafi wajen masu kamfanin roba a wata ƙasa. Bayan haka sana'ar ba ta tsaya ga biki ba. Otal-otal da ofisoshi da makarantu da asibitoci duk suna bukatar wanda zai shuka musu ya kuma kula.

Sauran magana tana wajen 'yan Arewa mazauna Kudu, domin ba sai sun jira gwamnati ba. Wanda ke aiki a ƙarƙashin mai fulawa, ya daina tsayawa a bakin mota in an gama sauke kaya. Ya shiga ciki ya ga yadda ake jerawa, ya tambayi sunan kowane fure da kuɗinsa, ya nemi a koya masa ko da za a rage masa lada. Mazauna Sabo a Badun gari ɗaya suke da cibiyar binciken da aka ambata, babu abin da zai hana su aika 'ya'yansu su nemi horo. Sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyin Barebari na Agege da Idi-Araba da Shagamu, yadda suke haɗa kuɗi in an yi rasuwa ko gobara, haka za su iya ɗaukar nauyin yara biyu ko uku kowace shekara su koyi wannan aiki, da sharaɗin in sun ƙware su koya wa wasu.

Masu iya magana sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ɗan ci-rani da ya koma Yerwa da 'yan kuɗi, kafin Sallah biyu sun ƙare. Wanda ya koma da sana'a a hannunsa kuwa, ya koma da abin da zai riƙe shi, ya kuma riƙe 'yan'uwansa. Allah Ya ba Barno zaman lafiya mai ɗorewa, Ya sa wa neman kowa albarka.