Dogara Ga Allah A Ranar Tsoro Da Rashi

Jama'a, akwai wani dare wanda kusan kowane ma'aikaci ya san shi. Shi ne daren ashirin ga wata, sa'ad da albashi ya ƙare, buhun hatsi ya kwanta, yaro yana zazzaɓi, mai bin bashi kuwa ya ce da asuba zai dawo. A wannan dare barci ba ya zuwa, sai zuciya ta dinga kawo shawarwari. Ta ce wa akawu, ga mabuɗin akwatin kuɗi a aljihunka, ɗauki kaɗan, ka mayar in wata ya yi. Ta ce wa malami, ga kuɗin littattafan yara a hannunka, wa zai sani? Ni a ganina yawancin waɗanda suka ci amana a wurin aiki ba da mugunta suka fara ba, tsoron gobe ne ya tura su. Saboda haka nake so mu duba abin da Littafi Mai Tsarki ya koya wa mu Kirista game da wannan dare. Tun 1932 aka buga shi duka da Hausa, kowa yana iya binciken labarun da zan ambata.

ABINCIN YINI ƊAYA

A cikin Littafin Fitowa, sura 16, an ba da labarin Isra'ilawa bayan sun fita Masar. Yunwa ta kama su a jeji, har suka yi wa Musa gunaguni, suna begen tukwanen naman ƙasar da aka bautar da su. Allah ya ba su manna, amma da sharaɗi: kowa ya tara abin da zai ishe shi yini ɗaya kurum, sai a rana ta shida ya tara na kwana biyu saboda Asabar. Waɗansu suka ƙi ji, suka ɓoye saura. Da gari ya waye suka tarar ya yi tsutsa yana wari. Shekara 40 suna cin wannan abinci, kullum da safe sai sun fita sun tsinta. Watau shekara 40 Allah yana koya musu darasi guda, cewa wanda ya ciyar da su yau bai mutu ba kafin gobe.

Haka kuma gwauruwar Zarefat, a Littafin Sarakuna na Ɗaya, sura 17. Fari ya yi tsanani a zamanin Sarki Ahab. Annabi Iliya ya tarar da ita tana tsintar itace, ba abin da ya rage mata sai ɗan gari cikin tukunya da ɗan mai cikin tulu, tana shirin ta dafa su ci ita da ɗanta, sa'an nan su jira mutuwa. Ya roƙe ta ta fara toya masa waina. Ta yi. Garin bai ƙare ba, man bai ƙafe ba, har ruwa ya sauko. Ku lura, ba a ce rumbu ya cika mata ba. Na yini aka riƙa ba ta, kamar masu manna. Abin da Yesu ya koya wa almajiransa su roƙa ke nan, abincin yini, ya kuma hana su ɗora damuwar gobe a kan ta yau, yana nuna musu tsuntsaye da furannin jeji.

BA ZAMAN BANZA BA NE

To, na san wani zai ce, ashe sai mu naɗe hannu ke nan? Ko kaɗan. Zomo ba ya kamuwa daga zaune. Yusufu ya dogara ga Allah, amma da ya fassara mafarkin Fir'auna sai ya ba da shawara a karɓi kashi ɗaya cikin biyar na amfanin gona a shekara bakwai na ƙoshi, a ajiye domin shekara bakwai na yunwa. Nehemiya kuwa, da Sanballat da Tobiya suka yi niyyar auka wa masu gina garun Urushalima, ya yi addu'a, ya kuma sa matsara dare da rana. Masu ɗaukar kaya suna aiki da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da makami, har aka gama garun cikin kwana 52. Bambancin mai ɓoye manna da Yusufu shi ne, wancan tsoro ya sa ya karya umarni, wannan kuwa biyayya ce ta sa ya yi tanadi. Mutumin da ya kashe albashinsa a mako ɗaya wajen bikin ganin ido, ya dawo yana cewa Allah zai kawo, wannan gwada Allah yake yi.

MAI MARAYUN BIRISTOL

Domin kada a ce labarun dauri ne, ga wani na kusa. An haifi George Muller a ƙasar Jamus cikin 1805. Ubansa mai karɓar haraji ne, shi kuwa tun yana ƙaramin yaro ya kan saci kuɗin gwamnati da ke hannun uban, har aka ɗaure shi yana da shekara 16 saboda cin bashin masauki. Bayan ya tuba ya tafi Ingila, ya zauna a birnin Biristol cikin 1832. A 1836 ya buɗe gidan marayu da 'yan mata 30. Ya ɗaukar wa kansa alkawari biyu: ba zai roƙi kowa kuɗi ba sai Allah, ba kuwa zai ci bashi ba. Sau da yawa akwati ya kan wayi gari babu kome. Duk da haka tsakanin 1849 da 1870 ya gina manyan gidaje biyar masu ɗaukar yara wajen 2,000, kafin rasuwarsa cikin 1898 kuwa marayu sama da 10,000 sun bi ta hannunsa.

Abin da nake so akawuna su riƙe shi ne wannan: ko kwabo aka ba shi sai ya rubuta, kuma ya kan buga lissafinsa kowa ya gani. Kuɗin da aka bayar domin gini ba ya karkata shi zuwa wani abu don ya matsu. Yaron da ya saci kuɗin haraji shi ya zama mutumin da talakawa suka amince wa kwabbansu.

IN BA A AMSA BA FA?

Da sauran magana ɗaya, ba zan ɓoye ta ba. Akwai masu aminci da suka roƙa, ɗansu ya mutu, gonarsu ta ƙone. Littafin bai yi mana alkawarin kowa zai yi arziki ba. Manzo Bulus da kansa ya sha yunwa da ɗauri. Shadrak, Meshak da Abednego, a Littafin Daniyel sura 3, sun gaya wa Sarki Nebukadnezzar Allahnsu yana da ikon ceton su daga tanderun wuta, amma ko bai cece su ba, ba za su yi wa gunkinsa sujada ba. Tun kafin su san ƙarshen al'amarin suka yanke wannan shawara. A nan dogara ta bambanta da ciniki.

Saboda haka, ɗan'uwana, in daren ashirin ga wata ya same ka, bar mabuɗin nan a aljihu. Ka faɗa wa Allah bukatarka, ka yi lissafin albashinka tun ran da ka karɓa, kada kuma ka ji kunyar gaya wa 'yan'uwa halinka, gama sau da yawa ta hannun maƙwabci taimako ya kan zo. Kai kuma da kake da saura a rumbu, duba gidan gwauruwar unguwarku, watakila kai ne amsar addu'arta. Allah ya raba mu da tsoron da ke kai mutum ga cin amana, amin.