Doki Ya Fi Buƙatar Ciyawa Fiye da Hatsi

Wasu masu dawaki a ƙasar Hausa suna ganin cika wa doki komi da dawa da dusa shi ne alamar kulawa, musamman idan Hawan Sallah ya gabato a Kano ko Katsina ko Zazzau, alhali kuwa halittar cikinsa ba ta dace da hakan ba. Tumbin doki ƙarami ne, kuma ba ya iya amai, saboda haka hatsi mai yawa da aka ba shi a lokaci guda yakan wuce zuwa babban hanji ya yi tsami, ya haifar da murɗawar ciki mai iya kashe shi, ko kumburin naman da ke cikin kofato, wanda ke gurgunta shi. Abin da ya kamata ya zama ginshiƙin abincinsa shi ne ciyawa da harawa da ingirici, kimanin kashi 2 cikin 100 na nauyinsa kowace rana, tare da ruwa mai tsabta wanda bai gaza lita 25 ba, sannan a riƙa kiran likitan dabbobi don maganin tsutsar ciki da rigakafin ciwon sarƙe haƙora. Dabbar da ke ɗauke da martabar sarauta ta cancanci wannan kulawa duk shekara.