Raddi ga masu kare cinikin kawunan ungulu da sunan addini

Malam, ka ce hana sayar da kawunan ungulu tauye 'yancin addini ne, tunda a Amurka ma an bar ƙabilar Hopi tana kama gaggafa don bautarta. Hujjar taka ta shiga kunnen wasu masu magani a nan unguwar Sabo ta Ibadan, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Na farko, rabin labarin ka kawo. Dokar Amurka ta 1940 ta haramta taɓa gaggafa, sai gyaran 1962 ya buɗe ƙofar lasisi ga 'yan asalin ƙasar. Tun 1986 Hopi ke karɓar takardar izini mai ƙayyade adadi, yawanci 'ya'yan gaggafa 40 a shekara. Kowane dangi ya san sheƙar da ya gada, kuma tsuntsun ba ya shiga kasuwa. To, wa ke ƙirga abin da ake shimfiɗawa a kasuwar Bode ta nan Ibadan? Gaggafar Hopi ba ta cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya. Ungulunmu kuwa tun 2015 hukumar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa ta a sahun masu dab da ƙarewa.

Na biyu, ka jingina da sashe na 38 na tsarin mulkin Najeriya na 1999 mai ba da 'yancin addini, ka tsallake na 45, wanda ya yarda a taƙaita wannan 'yanci saboda lafiyar jama'a.

Na uku, ka ce gadon kaka da kakanni ne. Kakanni ba su san gubar zamani ba. Mafarauci a da ɗaya yake kamawa. Yau mushe ake barbaɗa wa guba, garke guda ya faɗi. A Gini Bisau a 2020 an kashe ungulu fiye da 2,000 haka, da yawansu an datse musu kai. Kan da guba ta ratsa shi ake daka wa maras lafiya. Haba Malam, wace ibada ce wannan?

Ka ce kuma tsuntsun ƙazanta ne, rashinsa ba asara. Unguwar Sabo da cinikin shanu ta ginu tun 1916, ka tambayi dattawan mahauta wa ke share musu mayanka kyauta. Indiya ta rasa fiye da kashi 90 cikin ɗari na ungulunta saboda maganin dabbobi diclofenac, karnukan titi suka gaje mushen, ciwon haukan kare ya yaɗu.

In koyi da Hopi kake so, fara da ƙidaya da lasisi da barin ciniki.