Taurarin Kaka da Hunturu: Ilmin da Muka Bari Ya Kwanta a Katsina

Idan ruwa ya ɗauke wajen Oktoba, aka girbe gero aka kai dammuna gida, kafin hazo ya sauko daga arewa ya lulluɓe gari, akwai waɗansu makonni da sararin samaniyar Katsina yake wankuwa tas, har wanda ya hau soro bayan sallar lisha ya ga abin da mazauna manyan biranen Turai suke tafiya mai nisa domin su gani. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, wannan ni'ima tana zagayowa kowace shekara ta tarar da kawunanmu a sunkuye kan waya, yaranmu kuwa suna tashi ba su san sunan tauraruwa ba in ban da Zara, ita ma a baka kawai, alhali kuwa kakanninsu da taurari suke gane alƙibla a daji, da su suke ƙidayar kwanakin damina.

Wanda ya fuskanci gabas a tsakiyar Nuwamba, da zarar duhu ya kankama, zai ga wani ɗan cincirindon taurari ƙanana sun matsu wuri guda, su ne Hausawa suke kira Kaza da 'Ya'yanta, malamai kuma suka san su da Surayya. Mai lafiyar ido yakan ƙirga shida ko bakwai, wanda ya sa madubin hangen nesa irin na hannu kuwa sai ya ga sun yi gommai, kuma hasken da ke shiga idonsa ya baro su fiye da shekara 400 da suka wuce. Bayanta wata jar tauraruwa take biyowa, Dabaran, sannan Jauza'u ta ɗago, wadda ba ta ɓoyuwa ga kowa saboda taurari uku da suka jeru reras a tsakiyarta. Waɗannan ukun suna da fa'ida babba ga matafiyi, domin daidai gabas suke ɓullowa, daidai yamma suke faɗuwa. Kuma idan ka miƙa layinsu ta gefe guda ya kai ka ga Dabaran da Surayya, ta ɗaya gefen ya kai ka ga Shi'ira, wadda ta fi dukkan taurarin dare haske in ka cire masu yawo irin su Zara da Mushtari, wadda kuma Allah Maɗaukaki ya ambaci sunanta a Suratun Najmi. Tazararta da mu tafiyar haske ce ta shekara 8 da 'yan watanni. Ina ganin abin kunya ne yaro ya haddace wannan sura, ya biya ta a gaban malaminsa ba gargada, amma ba a taɓa kama hannunsa an fita da shi tsakar gida an nuna masa tauraruwar da yake karantawa ba.

Katsina kuma tana da wata falala da ba kowa ya lura da ita ba. Da yake birnin yana wajen daraja 13 ne arewa da tsakiyar duniya, tauraruwar arewa da ba ta gusawa, wato Jadyi, tana tsaye ƙasa-ƙasa kusa da doron ƙasa, ta kudu kuma Suhailu, wadda take bin Shi'ira a haske, tana tashi sama da daraja 20 a dararen Janairu da Fabrairu, alhali mutumin Ingila ba zai gan ta daga ƙasarsa ba har abada. A daren 13 zuwa 14 ga Disamba kuwa, duniya takan ratsa ta cikin ɓurɓushin wani dutse da ke kewaya rana, sai a ga tartsatsi yana keta sama ɗaya bayan ɗaya, musamman bayan tsakar dare idan babu farin wata.

Na san abin da waɗansu za su ce, kuma ban raina maganarsu ba: za su ce kallon taurari ƙofa ce ta duba da bokanci. Lalle tanjimi, wato da'awar sanin gaibu da arzikin mutum ko tsiyarsa daga motsin taurari, shari'a ta hana shi, kuma ba ni neman kowa ya kusance shi. Amma magabata sun bambance shi da ilmin falaki, wanda da shi ake sanin lokutan salla da alƙibla da tsayuwar wata, kuma Suratul An'ami ta bayyana cewa an sanya taurari domin a shiryu da su cikin duhun tudu da na teku. Abdurrahman as-Sufi ya wallafa littafinsa na siffofin taurari a shekarar 964, a ciki ya ambaci wani ɗan gajimare da ba ya gushewa, wanda masana suka gano daga baya cewa wani tarin taurari ne mai zaman kansa, nisansa tafiyar haske ta shekara miliyan 2 da rabi; ana iya hangensa da ido a daren Nuwamba mai duhu, sama ta wajen arewa. Birnin Katsina kuwa da ya haifi Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani ba baƙo ba ne ga ilmin hisabi, domin Muhammadu ɗan Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, har yau masana lissafi suna ambaton aikinsa. Malaman zaure kuwa sun riƙe manzilolin wata 28, kowace da kwana 13, ɗaya da 14, suka cika 365, manoma suna tambayarsu ko an shiga Han'a ko Zira'a ko Ɗarfa kafin su yanke shawarar shuka da noma. Waɗannan dattawa suna ƙarewa, ba a kuma rubuta abin da ke bakinsu yadda ya kamata ba.

Shawarata ga makarantun Islamiyya da na boko, da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ta Al-Ƙalam, ita ce su keɓe darare kaɗan a ƙarshen watan Musulunci, lokacin da wata ba ya fita da wuri, tsakanin Nuwamba da farkon Disamba kafin ƙura ta yi kauri, su haɗa malamin kimiyya da malamin zaure a fili ɗaya tare da ɗalibai. Ba na cewa a fita daji, domin halin tsaron da ake ciki bai bar wannan ba. Filin makaranta ya wadatar, in an kashe janareta da fitilun sola, aka ajiye wayoyi, aka ba ido kamar minti 20 ya saba da duhu. Madubin hangen nesa guda ɗaya da aka ɗora bisa katanga don kada hannu ya yi rawa ya isa aji guda, kuma in shekarar ta dace Mushtari tana sama, da shi ɗalibai za su iya ganin watanninta huɗu da Galileo ya fara hange a 1610. A kuma sa wa ɗalibi ɗaya takarda da alƙalami, ya rubuta kowane suna da kowane lissafi da dattijon zai faɗa.